Bizar ziyara: Abin da iyaye ke fuskanta kafin halartar bikin 'ya'yansu a ƙetare

Bizar ziyara izini ne na ɗan lokaci da ƙasa ke bai wa baƙo ya shiga, ya gama abin da ya kawo shi, ya koma gida. Ita ce iyaye daga Ikara, Maƙarfi ko Kudan ke nema idan ɗansu ko 'yarsu za su yi aure a Birtaniya ko Amurka. Katin gayyata shi kaɗai ba ya sa a bayar da ita.

Fasfo

Matakin farko shi ne fasfo daga Hukumar Shige da Fice, wanda ba ya samuwa sai da lambar NIN. Tun daga 1 ga Satumba, 2025, mai shafi 32 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 kuma naira 200,000. Dole suna da ranar haihuwa su zo ɗaya a duk takardu. A nan dattawa da dama ke samun cikas, domin an haife su ba tare da an yi musu rajista ba.

Birtaniya

Ana cike takardar nema ta intanet, sannan mai nema ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a cibiyoyi irin na Abuja da Legas. Ana iya nema tun saura wata uku a yi tafiya, amsa kuma kan fito cikin mako uku. Bizar na ba da damar zama har wata shida, ba tare da yin aiki ba. Tun shekarar 2013 aka soke ɗaukaka ƙara kan hana bizar ziyarar dangi, don haka galibi wanda aka hana sai ya sake nema, ya sake biya.

Amurka

A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyarar 'yan Nijeriya ta shiga sau ɗaya, mai wa'adin wata uku. A Disamba kuma Shugaba Donald Trump ya sanya Nijeriya cikin ƙasashen da aka dakatar da ba su wannan biza daga 1 ga Janairu, 2026, in ban da wasu rukunai ƙalilan.

Abin da ake dubawa

Tambayar jami'in biza ɗaya ce: me zai dawo da wannan mutum gida? Manomin rake a Maƙarfi ko na tumatir a Ikara na iya mallakar gonaki da shanu, amma dukiyarsa ba ta ratsa banki ba. Takardun gona, shaidar fansho, iyalin da aka bari a gida, da wasiƙar mai gayyata da ke bayyana wanda zai ɗauki nauyin tafiyar, duk suna ƙarfafa nema. Zuba kuɗin aro a asusu dab da nema kan jawo zargi, takardar bogi kuma na iya jawo haramcin shiga Birtaniya na shekara 10.

Idan bizar ba ta samu ba

A Musulunci ana iya ɗaura aure a gida ta hannun waliyyi da wakilin ango, a gaban shaidu, ko da ma'auratan na wata ƙasa. Sai dai wajibi ne su bincika ko ƙasar da suke zaune za ta amince da auren a hukumance.