Mashin Barde da Kibiyar Lugu

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Kano ko Katsina ko Damagaram ya san kwarjinin barde: ga kwalkwali a ka, ga lifidi ya lulluɓe doki, ga dogon mashi a hannu. Wannan hoto ya zauna mana a zuci, har in aka ce yaƙin da, shi ke fara faɗo mana a rai, shi kuma masu shirya finafinan tarihi ke saurin ɗauka saboda yana cika ido. To amma a Arewar Dogon Dutsi da Tibiri, sanin wanda ya riƙe mashi da wanda ya rataya kwari shi ne sanin wanda ya yi yaƙin.

Mashin barde iri-iri ne. Akwai gajere na jifa, akwai dogo na suka, akwai kuma asigiri wanda aka ƙera da ƙarfe tun daga tsini har gindi. Littafin Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410. Kayan nan ba na talaka ba ne, domin dokin yaƙi na bukatar dawa da harawa da bara mai kula da shi. Saboda haka mashi bisa doki makamin sarauta ne. A Arewa, gidajen sarauta irin na Matankari da na Samna a Tibiri su ne masu dawaki, kuma da su aka yi yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan boren Yakubu Nabame na 1849, lokacin da Kabawa da Zabarmawa da Arawa suka haɗa kai suka fuskanci Gwandu.

Lugu dabam take. Sarauniyar Lugu sarauta ce ta addinin gargajiya na Azna, masu ƙasa, kuma jama'arta manoma ne da mafarauta waɗanda makaminsu kwari da baka ne da kibiya mai dafi. Da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta iso a ranar 16 ga Afrilu 1899, mutanen Lugu sun yi ta harbi, sannan suka janye cikin sarƙaƙiyar daji inda doki ba ya sukuwa, dogon mashi kuma ba shi da wurin juyawa. Rahoton Faransawa ya ce an kashe musu soja 4, an raunata 6. Daga nan rundunar ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Konni cikin watan Mayu. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Dankori, bayan kwanaki kaɗan kuma sojojinsu suka kashe shi da Chanoine.

Wannan labari ne Abdoulaye Mamani ya mayar littafin ƙage a 1980, Med Hondo kuma ya mayar da shi fim a 1986. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Ya cancanci yabo: ya tona ta'asar da aka daɗe ana rufewa, kuma bai raba Lugu da bakanta ba. Sai dai ya mayar da ƙauye birni mai ganuwa, ya mayar da uwar tsafi jarumar fagen fama mai runduna. Matasa da yawa ta wannan hanya suka san ta, har hoton fim ya soma danne abin da tsofaffin Lugu da Bagaji ke faɗa.

Ba mu kaɗai wannan matsala ta shafa ba. A Turai ma dogon mashi na suka shi ne makamin barde bisa doki, amma dogon gatari mai tsini da ƙugiya ya yi suna ne a hannun dakarun ƙasa na Suwizalan, waɗanda suka karya baraden Ostiriya a Morgarten a 1315. Fim ɗin Braveheart na 1995 kuwa ya nuna yaƙin gadar Stirling na 1297 ba tare da gada ba, alhali ƙuncin gadar ne ya ba 'yan Sikotilan nasara. In aka cire gadar, an cire dalilin nasarar.

Haka lamarin yake a wurinmu. Ranar da wani zai sake ɗaukar labarin 1899, in ya ɗora mutanen Lugu bisa dawaki, ya naɗe su da lifidi, ya danƙa musu asigiri, to ya ƙwace yaƙin daga hannun manoma ya ba fada, alhali ba fada ce ta tsaya a ranar ba. Maƙeran Arewa suna nan, mafarauta suna nan, tsofaffin da suka gaji labarin suna nan a Lugu da Matankari da Tibiri. Kafin a ɗinka tufafin wasa, a je a gaishe su, a tambaya.