Shanya da Guga a New Bell

Bayan da Jamusawa suka kwashe mutanen Duala daga bakin kogin Wouri suka tura su bayan gari, unguwar New Bell da ke birnin Douala ta zama masaukin baƙi. Hausawa fatake suka kafa unguwarsu, da masallaci da rumfunan ɗinki da na wanki da guga.

Babban abokin gabar mai wanki a nan damina ce. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa kan wuni yana zuba, babbar riga ta kwana biyu a igiya tana warin danshi. Dutsen guga na gawayi ne ke ƙarasa aikin rana, yana kuma kashe ƙwan ƙudan da ke sa tsutsa a fata.

Da injin busar da kaya ya shigo shagunan wanki, sai ya zo da nasa ciwon: ya tashi, ya mutu. Mai gyara kan fara duba bututun iska, domin ɓurɓushin zare ke toshe shi, zafi ya taru, fiyus ya yanke. In bututun lafiya, sai makunnin ƙofa ko raunin wutar lantarki. Shi ya sa masu guga da yawa har yau ba su rabu da gawayi ba.