Daga Kindirmon Bulgeriya Zuwa Mafitsarar Mage

A wannan mako mun ɗauko tarihin wata dabara da yanzu ta kai har kan magen gida, wato tura ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ake kira furobayotik, su yaƙi masu sa ciwon mafitsara. Da yawanmu za su ɗauka sabon abu ne, alhali ya girmi fenisilin.

A 1905 wani ɗalibin likitanci ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano ƙwayar da ke sa madarar ƙasarsu ta yi tsami ta zama irin kindirmonmu. Sai Élie Metchnikoff na Cibiyar Pasteur da ke Paris ya ɗauki zancen. A littafinsa na 1907 ya danganta tsawon ran ƙauyawan Bulgeriya da shan wannan madara, ya ce ƙwayoyinta na danne miyagun da ke cikin hanji. Shi ma ya lizimci shan ta, ya kuma rasu a 1916 yana da shekara 71. Mu dai ba mu ga tsawon ran da ya wuce misali a nan ba!

Labarin da ya fi jan hankalinmu shi ne na 1917. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, gudawa ta addabi sojoji, amma wani soja guda ko gezau. Likitan Jamus Alfred Nissle ya bincika bayan gidan sojan, ya ciro wani nau'in E. coli mai korar 'yan uwansa masu cutarwa. Har yau ana sayar da shi da sunan Mutaflor.

Daga nan Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, kuma da maganin ya wadata bayan Yaƙi na Biyu aka jingine waccan dabara. Wa zai tsaya lallashin ƙwaya alhali ga allurar da za ta kashe ta? Sai da ƙwayoyin suka fara bijire wa magani aka waiwayo. A Suwidin an sami wata yarinya da ta shekara uku da E. coli a mafitsara ba tare da ciwo ba. Nau'in nata, mai lamba 83972, aka riƙa zuba wa masu yawan ciwon da gangan, don ya riga mugun kama wuri. Daga baya likitocin dabbobi a Amurka suka gwada makamancin haka a kan karnuka.

To ina mage? A nan ne duk wanda zai yi rubutu a kan batun ya kamata ya taka a hankali. Yawancin ƙananan maguna masu wahalar fitsari ba bakteriya ke damunsu ba. Kumburin mafitsara ne ko tsakuwa. Ciwon bakteriya ya fi kama tsofaffi da masu ciwon ƙoda ko suga, kuma gwajin fitsari ne kaɗai ke bambancewa. Muzuru kuwa hanyar fitsarinsa ƙunci gare ta, tana iya toshewa gaba ɗaya. Idan muka gan shi yana ta tsugunne yana nishi babu abin da ke fita, ba lokacin garin furobayotik ko kindirmo ba ne. Wurin likitan dabbobi za a kai shi a ranar, domin kwana biyu zuwa uku na iya hallaka shi.