Tarihin Takardar Mai Horar da Jiki a Birnin Yamai

A ƙasar Hausa kowace sana'a da ƙofar shigarta. Ɗan maƙeri yakan daɗe yana zuga kafin a bar shi ya ɗaga masaba. Yaron wanzami yakan yi shekaru yana ɗaukar zabira, yana wasa aska, kafin a miƙa masa kan mutum. Ranar da maigida ya ga hannu ya faɗa, sai ya sa albarka ya sallami yaronsa, jama'ar gari kuwa su ne shaida. Horar da jiki bai taɓa shiga wannan jeri ba, don gona da rijiya da turmi sun ɗauke wa kowa wannan nauyi. Wanda ya wuni yana noma ba ya neman mai koya masa yadda ake gumi. Amma ga shi yau a birnin Yamai akwai samari, har da ƴan mata, waɗanda da wannan aiki suke ci suke sha. Su tsaya a kan mutum yana ɗaga ƙarfe ko yana sassarfa, su ƙidaya masa, su gyara masa tsayuwa, a biya su a ƙarshen wata. Tambayar da ta kamaci malamai ita ce: wa ya yaye su, kuma wace takarda ce ke shaidar sun iya? Amsar tana da tarihi, tarihin kuwa ya girmi gidajen motsa jikin da muke gani.

Kafin zuwan Nasara, inda ake gina jiki da gangan shi ne wajen ƴan kokowa da ƴan dambe. Lokacinsu kaka ne, bayan an yanke hatsi an cika rumbuna, sa'ad da ga abinci ga hutu. Yaro yakan fara kama sa'anninsa a dandali manya na kallo, wanda aka ga yana da ƙashin abin sai wani tsohon ɗan kokowa ya ja shi a jiki. A wurinsa zai koyi yadda ake kafa ƙafa a rairayi, da yadda ake sauke ƙugu don kada a ɗaga mutum cak, da inda ake kamawa, da lokacin da ake haƙuri a bar abokin karawa ya ƙare numfashinsa. Zai koyi abin da ake ci: fura da nono, tuwon hatsi, nama in ya samu. Ga kuma laya da guru da addu'ar malam, waɗanda masu abin ba su raba su da sauran shiri, ko da mai karatun zamani zai so a raba. In an yi targaɗe ko ƙashi ya goce, ga maɗori a unguwa. Wannan makaranta ce sosai, da malamanta, da darussanta daki-daki, da jarrabawa a bainar jama'a wadda ba a satar amsa a cikinta. Abu biyu ne ba ta da su. Ba ta da rubutu, kuma ba ta san da zaman magidanci ɗan shekara hamsin mai son rage tumbi ba. Ta ƙarfafa ce masu neman zama zakaru.

Ilimin motsa jiki na takarda kuwa cikin kakin soja ya shigo mana. A Faransa kanta, makarantar soja ta Joinville da aka buɗe a 1852 ita ce ta daɗe tana yaye masu koyar da atisaye. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, dokar 1919 ta wajabta ɗaukar soja a Afirka ta Yamma ta Faransa ko da ba a yaƙi, likitocin da ke auna samari kuwa suna mayar da masu yawa gida saboda rashin ƙoshin lafiya. Don haka idan aka jera ƴan lakwal a fili da sassafe aka ce su ɗaga hannu su sauke, su taka maci, sojan gobe da ma'aikacin gobe ake shiryawa. Yamai, wadda ta karɓi kujerar mulki daga Damagaram a 1926, ƙaramin gari ce ta bariki da ofisoshi, mai ba da umarnin a fili kuwa ko soja ne ko mushen aji.

A nan akwai wani abin mamaki da ya cancanci a tsaya a kansa. Wani hafsan sojan ruwa na Faransa mai suna Georges Hébert, wanda ya rayu daga 1875 zuwa 1957, ya yi yawo a teku, ya ga mutanen ƙasashe masu zafi, har da na Afirka, ya yaba ƙirar jikinsu da juriyarsu alhali ba su taɓa shiga ɗakin atisaye ba. Daga abin da ya gani ya tsara hanyar da ya kira ta ɗabi'a, ya kasa ta gida goma: tafiya, gudu, tsalle, rarrafe, hawa, daidaita tsayuwa, jifa, ɗaukar nauyi, kare kai da iyo. Gwamnatin Vichy ta rungumi wannan hanya a makarantunta, Afirka ta Yamma kuwa tana hannun Vichy daga 1940 zuwa ƙarshen 1942. Ke nan abin da Bature ya gani a jikin makiyayi da masunci da manomi, shi ne ya rubuta a littafi, aka komo da shi ana koya wa ƴaƴansu da usur. Yaron da ke hawan giginya tun yana ɗan shekara bakwai sai ga shi ana ba shi maki a kan hawan igiya. Ba za a ce littafin banza ne ba, domin ya tsara abin da ke warwatse. Sai dai tun daga ranar nan ilimin da ke da hatimi ya zama na mai usur, na tsohon ɗan kokowa kuwa ya koma al'ada.

Da aka sami mulkin kai a 1960, ƙasa ta gaji tsarin Faransa da ƙarancin ma'aikata. Masu son zama malaman motsa jiki sai an tura su waje, abin da ya sa ƙasashe masu amfani da Faransanci suka kafa taron ministocin matasa da wasanni, CONFEJES, a 1969, horar da ma'aikata na cikin manyan ayyukansa. Duk da haka jiki bai jira takarda ba. Ɗan damben zamani Issaka Daboré shi kaɗai ya wakilci Nijar a wasannin Olamfik na Tokiyo a 1964, ya sake zuwa Meziko a 1968, sannan a 1972 a birnin Munik ya kawo lambar tagulla, ta farko a tarihin ƙasar.

Babban sauyi ya zo ne bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Seyni Kountché soja ne da ya taso a makarantun ƴaƴan soja na Kati da Saint-Louis, ya san darajar atisaye, ya kuma san cewa ƙasar da fari ya galabaitar tana bukatar abin da zai haɗa kanta. Ya farfaɗo da samariya, ya kuma ɗauko kokowa daga dandalin ƙauye ya mai da ita sha'anin hukuma. A 1975 aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Daga nan takobi ya riƙa zagaya jihohi, sunaye irin su Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa suka shiga kowane gida ta rediyo. A tsarin da aka saba da shi daga baya, kowace jiha cikin takwas takan kawo ƴan kokowa goma, a haɗu tamanin.

Gasa irin wannan tana bukatar alƙalai, da masu rubuta doka, da masu kula da ƴan wasa a zaman shiri na makonni kafin a tafi. Makarantun sakandare ma suna ƙaruwa, kowace tana bukatar malamin wasanni. Wannan bukata ce cibiyar ƙasa ta matasa da wasanni da ke Yamai, wadda kowa ya sani da INJS, take biya. Ana shigarta da gasar jarrabawa, a gwada kai a gwada jiki, ɗalibi ya karanta ƙirar jikin mutum da yadda gaɓoɓi ke aiki, da dabarun koyarwa, da ƙa'idojin wasanni, ya fito malamin motsa jiki ko jami'in matasa. Duniya ma a lokacin ta wannan hanya ta nufa: yarjejeniyar da UNESCO ta amince da ita a 1978 ta ce motsa jiki haƙƙin kowa ne, ta kuma ware babi guda a kan cewa ƙwararru ne ya kamata su koyar da shi.

A filin kokowa ne makarantun nan biyu suka haɗu ido da ido. Ga mai difloma da agogon auna gudu yana zancen ɗumama jiki da hutun tsoka, ga tsohon zakara da bai taɓa zama a aji ba amma da kallo ɗaya ya san ƙafar da yaro ke jin tsoro a kanta. A ganina kowane ɗayansu yana da rabin abin da ake bukata, kuma inda jiha ta dace shi ne inda suka ga girman juna. Amma a idon hukuma ba ɗaya suke ba. Na farko ma'aikaci ne mai lamba da albashi da fansho. Na biyu sai kyautar masu hannu da shuni da kirarin makaɗa.

Abin lura shi ne wannan takarda an yanka ta ne daidai wuyan ma'aikacin gwamnati. Mai ita aji zai shiga, ko ofishin ma'aikatar matasa, ko ya kama ƙungiyar wasa. Muddin gwamnati na ɗaukar duk wanda ya fito, babu matsala. Sai tattalin arziki ya karye bayan faɗuwar kuɗin uraniyom a shekarun 1980, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ɗaukar aiki kai tsaye ya tsaya, koyarwa ta koma hannun ƴan kwantaragi. A daidai wannan lokaci garin kansa yana sauya jiki. Yamai da ba ta wuce mutum wajen 30,000 ba a 1960 ta zarce miliyan ɗaya a ƙidayar 2012. Mutanen da iyayensu suka yi tafiyar ƙasa suka koma zaman ofis da hawan babur, shinkafa da mai da sukari suka yawaita a akushi, hawan jini da ciwon sukari suka zama zancen kowane gida. Likita ya fara rubuta wa mutum tafiya kamar yadda yake rubuta ƙwaya. Babban filin wasa na Janar Seyni Kountché, wanda Sinawa suka gina aka buɗe a 1989, ya zama matattarar masu tattaki da sassarfa safe da yamma, wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da Yamai ta karɓa a Disamban 2005 kuwa suka ƙara wa garin wuraren wasa da sha'awa. Gidajen motsa jiki na kuɗi suka biyo baya, tare da su sabuwar sana'a.

Masu wannan sana'a ba daga ƙofa ɗaya suka shigo ba. Akwai wanda ya fito INJS yana cike albashinsa da yamma. Akwai tsohon soja, da ɗan tekwando ko karate mai baƙar ɗamara, musamman tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Akwai kuma wanda jarinsa faɗin ƙirjinsa ne da abin da ya kalla a wayar salula. Mai biyan kuɗi ba shi da hanyar rarrabe su, ga shi kuwa jikinsa ya miƙa.

Faransa, wadda muka ari tsarinta, ta riga ta taka wannan mataki. Dokarta ta 6 ga Agusta 1963 ta hana kowa karɓar kuɗi a kan koyar da motsa jiki sai da difloma, a 1972 ta kafa shaidar hukuma ta mai koyar da wasanni, a 2001 kuma ta kawo wata takardar sana'a, BPJEPS, wadda ake karatunta ana aiki a gidan motsa jiki, ba sai an bi ta jami'a ba. Ba ina cewa a kwafo ta yadda take ba ne. Wanda zai horar da mutum a Yamai yana bukatar sanin abubuwan da littafin Faransa bai damu da su ba: yadda ake aiki a watan Afrilu da Mayu sa'ad da zafi ke wuce awo 40, yadda ake tsara atisaye a watan azumi, abin da za a ce wa wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, da yadda za a horar da matan aure waɗanda ba za su yarda namiji ya tsaya a kansu ba, abin da ke nufin dole a yaye mata masu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako. Mai horarwa na gari shi ne wanda ya san yadda zai raba wa mai hawan jini mintocin nan, ya tambaye shi maganin da yake sha, ya kuma san ranar da zai ce masa ya koma wurin likita tukuna.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya fi shafar masu karanta wannan mujalla. Karatun ana yin sa da Faransanci, aikin kuwa da Hausa da Zabarmanci ake yin sa. Hausa ba matalauciya ba ce a nan. Tana da damtse da ƙwanji da sha-raɓa da agara da gadon baya, maɗori kuma ya rarrabe targaɗe da gocewa da tsagewa da karaya tun kafin a kawo na'urar hoton ƙashi. Tsofaffin zakaru suna da sunayen kamu da na kaye waɗanda ya kamata ƙungiyoyin al'adu su bi su ɗauka tun masu su na da rai. Amma akwai inda sai an zauna an yi aiki. Kalmar jijiya ita kaɗai tana ɗauke da hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka ga ƙashi, da zaren da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Idan ɗan kasuwa ya dafa wuyansa ya ce wa mai horar da shi jijiya ce ke damunsa, ɗaya daga cikin ukun tana bukatar tausa da hutu, wata kuwa tana bukatar a ajiye ƙarfen nan take a nemi mota zuwa babban asibiti.