Tarihin Neman Iri Mai Jure Fari a Arewacin Kano

Iri mai jure fari shi ne wanda ke iya kai manomi ga girbi ko da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina. A ƙauyukan arewacin Kano, irin su Minjibir, Ɗambatta, Bichi da Kunci, gona na manne da gona, ƙasar jigawa ce, kuma kowace shekara sai an nome ta. Neman irin a wannan yanki ya faro daga zaɓen manoma, ya kai ga barbarar masana, sannan ga dashen ƙwayoyin halitta.

Zaɓen manoma

Tun kaka da kakanni, manomi kan ware zangarniyar da ta fi kyau a lokacin girbi ya ajiye ta don iri. Ta haka aka sami dawa kaura da farafara, da wake Ɗan Ila da kanannado mai yawan harawa. Ana kuma haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, in wani ya ƙi wani ya yi. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun gajarta damina, irin da ke daɗewa bai nuna ba ya riƙa ƙonewa a tsaye.

Zamanin barbara

Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, wadda ta faro a 1922, ita ke da alhakin inganta dawa da wake da masara. A 1990 cibiyar IITA ta buɗe reshe a Kano, da gonar gwaji a Minjibir. A reshen na Kano ne B. B. Singh da abokan aikinsa suka riƙa shuka wake iri-iri layi-layi a akwatunan katako, su hana shi ruwa bayan ya tsiro, su ƙirga wanda ya yanƙwane da wanda ya farfaɗo da aka sake ban ruwa. Ɗan Ila na cikin waɗanda suka jure. Daga baya gero SOSAT mai saurin nuna ya bazu a yankin.

Dashen ƙwayoyin halitta

Wannan dabara ita ce ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta a saka ta cikin shuka. Fari da kanwar ƙasa kan sa wasu sinadarai masu guba su taru a cikin ganye su ƙona shi, saboda haka masana ke neman ƙwayoyin da ke rage wannan ɓarna. A 2013 aka fara sayar da masarar DroughtGard mai jure fari a Amurka, a 2020 kuma Ajantina ta amince da alkamar HB4, ita ma mai jure fari.

Najeriya ta kafa hukumar NBMA a 2015 don sa ido kan irin wannan aiki. A Disambar 2019 aka fitar da wake SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku na Samaru ya jagoranci aikinsa tare da gidauniyar AATF da cibiyar CSIRO ta Ostireliya. Maganin tsutsar maruka mai huda kwanso yake yi, yana rage feshi daga sau 6 ko 8 zuwa sau 2. A Janairun 2024 aka fitar da masarar TELA iri huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T, masu kariya daga tsutsa da juriyar matsakaicin fari. An kuma gwada shinkafar da aka yi wa dashe a killatacciyar gona a Badeggi ta Jihar Neja.

Halin da ake ciki

Dashen ya fi samun nasara a kan ƙwari, domin ƙwayar gado ɗaya kan isa ta kashe tsutsa, alhali juriyar fari ta rataya ne a kan ƙwayoyi masu yawa da ke sarrafa saiwa da ganye da lokacin fure. Akwai kuma masu adawa, kamar ƙungiyar HOMEF, da ke nuna damuwa kan lafiya da kan dogaro da kamfanonin iri, tunda masarar aure kamar TELA sai an sake sayen irinta kowace damina. Gero da dawa, abincin yau da kullum a arewacin Kano, har yanzu ta hanyar zaɓe da barbara ake inganta su.