Tarakta, Bishiya da Matasan Doka a Tarihin Dajin Gadarif

Doka gari ne a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, kan hanyar da ta nufi Gallabat, iyaka da Habasha. Hausawa sun daɗe a wannan yanki, da yawansu jikokin maniyyata ne da suka yada zango a hanyar Makka. Ƙasar wurin baƙar laka ce, wadda a da take lulluɓe da dakwara da dushe da aduwa. Manomin dauri yakan yi shuka 'yan shekaru, sannan ya bar gona ta huta har ƙarfinta ya dawo.

A tsakiyar shekarun 1940 Turawan Ingila suka shigo da noman tarakta yankin Gadarif domin ciyar da sojojinsu. A 1968 gwamnatin Sudan ta kafa hukumar noman inji, Bankin Duniya ya tallafa. Aka yi ta sare daji ana shuka dawa da riɗi shekara bayan shekara babu hutu. Mutanen wancan zamani sun ɗauki bishiya a matsayin abin da ke tare wa tarakta hanya. Sai ƙasa ta gaji, amfanin gona ya ragu, burtalai suka ƙuntata, rikicin manoma da makiyaya ya yawaita.

Ganin haka, masana suka sake lale. A 1989 aka kafa hukumar gandun daji ta ƙasa, doka kuma ta wajabta barin kashi 10 cikin 100 na kowace babbar gonar damina ga itatuwa, ko da yake aiwatarwa ta yi rauni.

Sai dai batun bai tsaya nan ba. Bincike ya nuna cewa ɗan ƙudan da ke yaɗa cutar kala-azar yana samun mafaka a kurmin dushe da aduwa da tsagewar laka. A Doka ɗin nan akwai cibiyar jinya da binciken cutar, ƙarƙashin Jami'ar Khartoum, yara da matasa ne kuma suka fi kamuwa.

Saboda haka matashin Doka ya gāji tambaya mai wuya: bishiyar da ke riƙe masa ƙasa ita ce ke ɓoye maƙiyinsa. Tarihin tarakta ya riga ya nuna inda sara yake kaiwa. Abin da ya rage masa shi ne gidan sauro da gwaji da wuri da magani, bishiya kuwa a bar ta a tsaye.