Abin Da Ke Cikin Ƙwayoyin Gadon Gero Da Ke Sa Ya Jure Fari Da Zafi

Gero na cikin amfanin gona mafi daɗewa a yankin Sahel. Masu binciken kayan tarihi sun gano ɓurɓushinsa a kwarin Tilemsi da ke ƙasar Mali, wanda aka ƙiyasta ya kai kimanin shekara 4,500. Har yau shi ne ke riƙe da miliyoyin gidaje a Nijar da arewacin Najeriya, domin yana yin zangarniya a jigawar da masara ba ta iya rayuwa. Wani ɓangare na wannan juriya yana cikin yadda ganyensa ke haɗa abinci.

Yadda ganyen ke aiki

Kowane koren tsiro yana shaƙar iskar kabon ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye, ya haɗa ta da ruwa da ƙarfin hasken rana, ya samar da sukari. Sinadarin da ke kama iskar ana kiransa Rubisco, kuma yana da rauni guda: idan zafi ya tsananta, sai ya riƙa cafko iskar oksijin maimakon kabon, aikin ya tafi a banza. Wannan matsala ce ke damun shinkafa da alkama, waɗanda ke bin tsarin da masana ke kira C3.

Gero, kamar dawa da masara da rake, yana bin tsarin C4, wanda Hatch da Slack suka fayyace a Ostareliya a 1966. A nan wani sinadari mai suna PEPC ne ke fara kama kabon ɗin, sannan a tura shi cikin ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyin ganye, inda yake taruwa a gaban Rubisco. Saboda haka tsiron ba ya buƙatar buɗe ƙofofinsa sosai, ruwan da ke tsiyayewa daga jikinsa kuma ya ragu.

Abin da taswirar 2017 ta nuna

A 2017 wata tawagar masana ƙarƙashin jagorancin Rajeev Varshney na cibiyar ICRISAT ta wallafa taswirar ƙwayoyin gadon gero a mujallar Nature Biotechnology. Sun lissafa ƙwayoyin gado sama da 38,000, suka kuma yi nazarin nau'o'in gero 994. Daga cikin abin da suka lura da shi akwai yawan ƙwayoyin da ke samar da kakin da ke lulluɓe ganye, wanda ake ganin yana taimakawa wajen tare zafi da hana ruwa ficewa.

Akwai kuma ƙwayar gado mai suna PHYC, wadda ke da hannu wajen yadda tsiro ke fahimtar haske da lokacin da zai fid da kai. Masana sun kwatanta irin geron da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka sake tattarawa a 2003, suka tarar cewa na baya ya fi saurin nuna, kuma nau'in PHYC mai gaggauta fure ya ƙaru a cikinsa. Ma'ana, bayan shekarun farin da suka ratsa tsakani, halittar geron kansa ta sauya.

Iyakar juriyar

Duk da haka, ƙwayoyin gado ba sa maye gurbin ruwan sama. Idan damina ta ɗauke a lokacin da hatsi ke cika, amfani kan faɗi. Ƙarancin taki, da ciyawar wuta-wuta, da tsutsar da ke cin zangarniya, duk suna rage abin da ke shiga rumbu.

Nan ne batun ya koma hannun hukumomi. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, su ne kan gaba wajen inganta irin gero a yankin. Irin SOSAT-C88 ya yaɗu a arewacin Najeriya, an kuma fitar da Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe a Nijar a 2018. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Sai dai sakamakon bincike ba ya isa gona sai an ninka irin, an kai shi kasuwar ƙauye kafin ruwan shuka, a farashin da ƙaramin manomi zai iya biya. Kasafin kuɗin cibiyoyin bincike da yawan malaman gona a ƙananan hukumomi su ne wuraren da ya kamata mai bibiyar alkawuran gwamnati kan wadata ƙasa da abinci ya zuba wa ido.